Ajiyar Gindin Katanga

Tungar Makau, ta hanyar Zugu
Farkon damina

Zuwa ga ɗan kawuna Haris,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya karatu, ya baƙunta, ya mutanen Iskandariyya? In ce dai Larabawan ba su gaji da ciyar da kai ba, don na san cikinka tun muna yara, kai ne mai lashe tukunyar Inna ka ce kyanwa ce.

Mu nan alhamdulillahi. 'Yata Muhsina ta yi zazzaɓi, ta miƙe, har ta koma ɓarnarta. Babanta yana Gummi tun bayan sallah, ya samu ɗaki a bayan kasuwa yana ɗinkinsa. Kakarmu Inna kuwa gwiwar nan ce dai, in ta zauna sai an ba ta hannu, amma bakin yana nan yadda ka bar shi.

Za ka yi mamakin ganin rubutun hannu. Sabis ɗin da muke kamawa bisa tudun makaranta ya ɗauke, kuma babu mai zuwa gyara. Malam Yusufu, mai kawo mana gishiri da sabulu a babur, shi zai ɗauki hoton takardar nan a Gummi ya tura maka. In ka amsa, zai sa a buga masa a takarda ya kawo.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ka tuna bara da ka zo hutu bayan an cire gero? Ka zo da wasu 'yan ƙwayoyi kamar ƙananan albasa a ƙunshe cikin jarida, ka durƙusa gaban kakarmu kana cewa, "Amarya, ga toshinki daga Masar, ki tsare mani har in dawo." Kowa ya yi dariya, ita ma ta yi, ta ce sai miji marowaci ke kawo albasa. To, kana juya baya ta binne su gindin katangar ɗakinta, ta kewaye da duwatsu, kullum tana zuba masu ruwan alwalarta. Cikin ɗari suka fito da ganye siriri, kafin zafi ya shigo suka yi fure, wani fari, wani ruwan ɗorawa. Haris, ban taɓa jin ƙamshi irin wannan ba. Matan tunga suka yi ta sintiri a gidanmu, Dije maƙwabciyarmu ta rantse irin turaren da mahajjata ke dawowa da shi ne. Inna ta hana kowa tsinka, har akuyar liman ta sha muciya.

Da bazara ta yi ƙarfi ganyen ya bushe ya kwanta, yanzu wurin ƙasa ce kawai. Ni na ce ya mutu. Inna ta ce barci yake.

Muna tunanin mu ɗan koma Gummi wurin baban Muhsina. Ka dai san yadda gari yake, ba sai na cika takarda ba. Inna ta ce ba ta ɗaga ƙafa sai an tambayi mai ajiya. Saboda haka ina tambayarka: furen nan naka yana dawowa ko ba ya dawowa? Ka yi tunani sosai kafin ka amsa, ɗan kawu. Ka san Inna.

Abokiyar wasanka,
Salamatu


Iskandariyya

Zuwa ga Malama Salamatu, uwar surutu,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarki, na yi ta ƙara girman hoton ina dariya ni kaɗai, don rubutunki har yau kamar kaza ta taka tawada. Allah ya ƙara wa Muhsina lafiya, ya sawwaƙe wa Amaryata ciwon gwiwa. Ni lafiya lau, sai jarrabawa da ta sa ni gaba. Batun ci kuwa, wake ne safe da yamma, in na dawo ba za ki gane ni ba.

Na ji daɗin labarin furen ƙwarai. Wallahi ban zaci zai yi ba. Sunansa firiziya, ki koya wa ɗalibanki. Kuma Inna ce ta canka, ke kin faɗi: barci yake. Matar da nake haya a gidanta, Ummu Ridwan, ita ta tono mani su daga tsakar gidanta. Ta ce tun tana amarya surukarta ta shuka su, ba wanda ya ƙara shukawa. Da zafi sukan ɓace, ki rantse ba a taɓa shuka komai a wurin ba. Ruwan farko na sauka sai su leƙo, kuma kowace shekara sun fi na bara yawa. Tun zuwana garin nan nake ganin haka da idona.

Don haka kada a tone shi, kada a ɗaga shi daga inda yake. A bar shi kawai. Tunda kin ce damina ta fara, ku sa ido, ba zai daɗe ba.

Batun Gummi, ku je mana ku sha iska ku dawo. Ko dai kewar tela ce ta dame ki, kike laɓewa bayan Inna?

Wannan kuma ki karanta wa Amarya da babbar murya. Amarya, mijinki yana gaishe ki. Ajiyata tana hannunki, ban yarda ki bar wa kowa ba, balle Salamatu da ko barkono ba ta iya rayawa. Shekara ɗaya ta rage mani. Ranar da ya sake fure, ki sa ido bisa hanya.

Naki,
Haris


Tungar Makau
Tsakiyar damina

Haris,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, in ana kiran wannan lafiya. Inna tana nan, Muhsina tana nan. Ina fatan jarrabawa ta zo da sauƙi.

Na ce ka yi tunani, ba ka yi ba. Ni kuma na rage magana don kada in ɗaga maka hankali kana karatu, na zaci daga jin Gummi za ka gane. To bari in faɗa maka ɓaro-ɓaro. Ba shan iska za mu ba, gudu za mu yi. Mutanen daji sun shiga tungayen da ke gabas da mu tun faɗuwar ruwa, sun tafi da shanu, sun tafi da mutane. Makarantar da kake cewa in koya wa ɗalibai sunan fure, an rufe ta, awaki ke kwana a ajina. Gonar Inna ta bakin fadama ba a shuka ta ba bana, ba mai iya zuwa. Fiye da rabin tungar nan sun tashi.

Da takardarka ta fara faɗowa hannuna, da na san abin da zan karanta da abin da zan tsallake. Amma ina rijiya Malam Yusufu ya iso. Shi ya ga labari ne mai daɗi, ya zauna bakin ƙofar Inna ya karanta mata daga sama har ƙasa. Na dawo na tarar tana share gindin katanga tana 'yar waƙarta. Ta dube ni ta ce, "Kin jiya? Barci shi kai. Yac ce kar a tone, kar a ɗaga. Ke tahi Gummi wurin telanki, ni ina nan."

Na ce, "Inna, wasa yake maki, wasan jika da kaka."

Ta ce, "Wasa daban, ajiya daban. Yaron ga durƙusawa yay yi, yab ba ni hannu da hannu. Ubanai bai bar mani komi ba sai shi, shi ko bai bar mani komi ba sai wanga."

Ka san yadda abin yake. Uwata ta rasu, mahaifinka ya rasu, mu biyu muka rage mata. Ni ina gabanta kullum har ta gaji da ganina, kai kuwa kana nesa, duk abin da ka faɗa ya zauna.

Kuma furenka bai fito ba. Ruwa ya zauna, ciyawa ta rufe ko'ina, har bisa katanga tafasa ta tsiro, shi ko alamarsa. Wani ruwa mai ƙarfi ya kwashe duwatsun da ta jera, yanzu ita kanta ba ta san ainihin wurin ba. Sai ta hana kowa taka gindin katangar tun daga ƙofar ɗakinta har rumbu.

Baban Muhsina ya aiko in taho, ya sake aikowa. Ba zan iya barin Inna ba, kuma ba zan iya ci gaba da riƙe yarinya a nan ba. Tsoro nake ji, Haris, kullum da shi nake tashi.

Ka rubuto ka ce ya mutu. Ko gaskiya ne ko ba gaskiya ba, ban damu ba. Layi ɗaya ya isa, kada ka yi mani lacca.

Salamatu


Iskandariyya

Salamatu,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta daɗe a hanya. Wani direba ne ya turo mani ita daga Sakkwato, ya ce an rufe layukan waya a wajenku gaba ɗaya, sai an fita jihar ake samun sabis. Ban san yaushe wannan za ta iso ba. Ina roƙon Allah ta same ku lafiya, ku duka uku.

A tsaye na karanta, na kasa zama. Ki yi haƙuri. Na ɗauki maganar Gummi wasa, na zauna ina tsokanarki da tela.

Ba sai na yi ƙarya ba, don abin da kika roƙa shi ne gaskiyar. Na je sashen noma na samu wani malami, na kwatanta masa shekararmu daga damina zuwa damina. Tun ban gama ba ya fara girgiza kai. Ga inda na yi kure. A nan ruwa da sanyi tare suke zuwa. Ruwan farko da Ummu Ridwan take faɗi ruwan sanyi ne, lokacin da muke fito da rigunan ɗari. Da zafi kuwa ko ɗigo ba ya sauka, ƙasa a bushe take ƙamas, kuma cikin wannan busasshiyar ƙasa ƙwayar ke barcinta. Mu namu a juye yake. Ruwanmu da zafi yake zuwa, sanyinmu a bushe. Ƙwayar tana barci ruwan damina zai same ta cikin ƙasa mai ɗumi, sai ta ruɓe. Ya ce ko a ƙasashen ƙanƙara ba ya dawowa, sanyi ke kashe shi, sai dai a tone a ajiye a ɗaki. Wuraren da yake dawowa da kansa ba su da yawa, ni kuma na zauna a ɗaya daga ciki na zaci ko'ina haka ne. Furen da kuka gani ma, da guzurin da ya zo da shi daga nan ya yi shi. Da an tone su tun kafin ruwa ya zauna an rataye a rumbu, da wataƙila sun kai. Ni ne na ce kada a tone.

Na tambaye shi ko babu dama ko kaɗan. Ya ce in wata ƙwaya ta faɗa inda ruwa ba ya kwanciya har ta tsira, to ba za ta motsa ba sai ɗari ya shigo, amma shi bai sa rai ba. Na faɗa maki wannan ne don kada in sake yanke magana kan abin da ban tabbatar ba.

Ga na Inna, shi kaɗai za ki karanta mata. Inna, Haris ne. Na yi kuskure, furen nan ba ya rayuwa a ƙasarmu. Na sauke maki ajiyar, na yafe. Ki bi Salamatu Gummi, can zan same ki.

Allah ya tsare ku, ya fid da ku lafiya.

Haris


Tungar Makau
An fara yankan gero

Haris,

Assalamu alaikum. Muna raye. Muhsina ta rame, ba ciwo ba ne, ta daina wasa ne kawai. Gwiwar Inna ta ɗan yi sauƙi tun da ruwa ya ɗauke.

Takardarka ta iso bayan na fid da rai. Malam Yusufu ya daina shigowa da babur, da ƙafa ya zo daga Zugu, kuma ya ce bai yi alkawarin sake zuwa ba. Wannan karon ni na karɓa da hannuna.

Na karanta mata 'yan layukanka. Ta saurara har na gama. Sai ta miƙo hannu ta karɓi takardar, ta juya gabanta, ta juya bayanta, ta ce, "Takarda cike hal baya, ke ko kin karanta abin da bai kai Ƙulhuwallahu ba. Rantse da Allah babu saura."

Na kasa rantsewa. Ta ce to in karanta duka, na karanta. Ruɓewa, ƙanƙara, malamin noma, duk ta bar su suka wuce kamar ba da ita ake ba. Ina zuwa wurin ɗari ta ɗaga hannu.

"Tsaya nan. Bara ma da ɗari yah hito. Ashe lokacinai na bai yi ba. Mu munka yi gaggawa."

Na ce, "Inna, ai ya ce ya yafe."

Ta ce, "Kunya ta sa shi. Ya ji kin matsa mai."

Kai da gaskiyarka, Haris. Layi ɗaya na roƙe ka.

Ranar da ta shiga gaishe da Dije na ɗauki fartanya na tona. Na samu guda biyu, ɓawo ne kawai, baƙi, ina matsawa ya narke a yatsana. Na kai mata a tafin hannu. Ta duba, ta ce, "Biyu kinka gani. Cike da hannu yak kawo." Ta ƙi cin abincin da na dafa sai da Dije ta sa baki. Yanzu tabarmarta ta dawo gindin katanga, can take wuni. Tunda ruwa ya ɗauke ta koma ban ruwa, kuma da yake ba ta san wurin ba, duk tsawon katangar take jiƙawa. Ni ke ja mata ruwan, ina ja ina jin haushi.

Mutanen daji sun aiko cewa kada a kwashe dawa sai da izininsu. An ce za a yi wa mutane rakiya daga Zugu zuwa bakin titi, kuma ba a san ko za a sake ba. Baban Muhsina ya aiko cewa in ban fito a wannan ba, zai shigo da kansa ya ɗauki 'yarsa. Ka san abin da ake yi wa namiji mai ƙarfi in an kama shi a hanyar nan. Ba zan bari ya shigo ba.

Dabara ɗaya ta rage mani. Inna ta ce takarda ba ta da murya, kowa na iya sa ta faɗi abin da yake so. Ka yi magana a waya, a zuba a katin memori, a kawo in sa mata a rediyon Dije. Kada ka yi wasa a ciki, kada ka kira ta Amarya, kada ka ambaci ɗari. Ka yi sauri.

Salamatu


Iskandariyya

Salamatu,

Wa alaikumus salam. Allah ya sa kuna lafiya. Yau takardarki ta shigo, kuma yau ɗin na tura muryar ga direban nan na Sakkwato. Ya yi alkawarin zai zuba a memori ya bayar a Gummi, a shagon baban Muhsina.

Na faɗa mata ya mutu, duka, babu saura. Na ce ina roƙonta don Allah, don darajar mahaifina, ta tashi. Na sake ɗauka ya fi a ƙirga, don muryata tana rawa, kuma na san in ta ji rawar za ta ce tilasta ni aka yi.

In rakiyar ta zo kafin memorin, ki ɗauke ta ko ta ƙi. A ɗora ta a babur a riƙe ta. Ta yi fushi da mu a Gummi, mun ji mun gani.

Ki rubuto ko kalma biyu ce.

Haris


Gummi
Shigowar ɗari

Haris,

Assalamu alaikum. Ni da Muhsina mun iso Gummi lafiya. Babanta yana gaishe ka.

Inna tana tunga.

Memorin na tarar da shi a shago, ya riga ni isowa Gummi, bai samu mai shiga da shi ba. Na saurara sau ɗaya. Ka yi magana yadda ya kamata, muryarka ba ta yi rawa ba.

Ka ce a ɗauke ta ko ta ƙi. Kana tsammanin ban gwada ba? Da safen da za mu fito na ɗaure kayanta tun tana salla. Na roƙi maza biyu daga cikin masu tafiya suka shigo. Tana ganinsu ta gane, ta kama ƙyauren ɗakinta da hannu biyu. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Duw wanda yat taɓa ni ban yahe mai ba, duniya da lahira." Suka tsaya. Ɗayan ita ta karɓi haihuwarsa. Suka dubi juna, suka ba ni haƙuri, suka fita. Ban ga laifinsu ba, za su shiga hanyar da ba a san ƙarshenta ba, wa zai ɗauki bakin tsohuwa ya tafi da shi?

Na durƙusa na kama ƙafarta ina kuka. Ta shafa kaina ta ce, "Tashi, ana jiranki. Ke an ba ki ɗiya, ki tsare ta. Ni ma an ba ni nawa." Ta ƙulla wa Muhsina gyaɗa a bakin zane. Ta ce in ɗari ya yi tsakiya bai fito ba, za ta biyo mu. Ta faɗa ne kamar hanya tana nan tana jiranta.

Na bar mata gero da dawa da za su kai ta bazara, na cika mata randuna, na ɗaura wa ƙaramin guga sabuwar igiya don shi take iya ja. Waɗanda suka rage su ne ita, da Dije, da liman Malam Magaji, da wani ƙanensa. Duk cikinsu ba mai iya ɗaga buhu.

Bayan fitowarmu hanyar ta rufe. Na bi tasha, na bi masu babur, na bi Malam Yusufu har gida. Kowa ya ce ba yanzu ba.

Ina jin haushinka, ina jin haushinta, na fi jin haushin kaina. Sanyi ya fara sauka a nan. Kowa yana neman bargo, ni ina tunanin yanzu tana can tana murna.

Salamatu


Iskandariyya

Salamatu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ke da Muhsina da babanta. Tun takardarki ta Gummi ban ƙara jin komai ba. An ce an buɗe layuka a wasu garuruwa, na yi ta kiran lambar shago ba ta shiga.

Ba ki yi laifi ba. Da ni ne a wurin, ni ma da ban iya ɗaga ta ba.

Na nemi izinin tahowa, sun ce in na tafi yanzu shekarar ta tashi. Na ce ta tashi. Abokaina suka tambaye ni in na iso Gummi ta ina zan bi zuwa tunga, tunda hanya a rufe take. Ina nan dai ina jiran ki ce hanya ta buɗe.

An fara ruwa a nan. Na Ummu Ridwan sun leƙo, duk tsakar gidan ya yi kore. Ta kira ni in zo in gani. Yanzu ta ƙofar baya nake fita.

In an samu mai shiga, ko waye, ki ba shi memorin.

Haris


Gummi
Ƙarshen ɗari

Haris,

Assalamu alaikum. Mu nan lafiya. Ka zauna kafin ka ci gaba da karantawa.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya yi wa Inna rasuwa. Malam Magaji liman ne ya kawo labarin, sun fito da ƙafa shi da ƙanensa da Dije, ta cikin daji, sun iso ƙafafunsu a kumbure. Na ga ya fi in rubuta maka da in faɗa a waya, don na san ba zan iya kai ƙarshen maganar ba.

Ba wanda ya taɓa ta. Mutanen sun shigo, sun kwashe abin da ke rumbuna, suka ga tsofaffi ne suka wuce. Tari ne ya kama ta. Dije ta ce kullum da sassafe, cikin sanyin nan, take fita ta ja ruwa da ƙaramin gugan ta jiƙa gindin katanga, zanenta ya jiƙe, ta ƙi jiran rana ta fito. Da ta kasa tashi, Dije ta riƙa zuba mata, ita tana kallo daga ƙofa. Babu magani a tunga ko na ciwon kai. Ta cika da rana, bayan azahar, da kalmar shahada a bakinta. Dije ta yi mata wanka, liman ya yi mata salla, shi da ƙanensa.

Ka san maƙabartarmu tana hayin fadama, kuma can mutanen suke zama yanzu. Ba dama a kai ta. Liman ya ce a yi mata a cikin gida. Suka gwada bayan ɗaki, fartanya tana ta dawo masu, ƙasa ta bushe kamar dutse, su kuma tsofaffi biyu ne da yunwa. Suka gwada bakin zaure, haka. Wuri ɗaya ne a gidan ya karɓi fartanya, gindin katangar nan, daga ƙofar ɗakinta zuwa rumbu. Tsawon ya isa, kuma ya dace da alƙibla. Nan suka sa ta.

Na tambayi liman ko sun ga wani abu da suna haƙa. Bai gane ba, sai da Dije ta yi masa bayani. Ya ce sun haƙa har ƙugu, ba su ga komai ba, ƙasa ce kawai mai laushi.

Mun yi zaman makoki a ƙofar shago, mutanen tunga da ke garin nan sun zo. Ana ta tambayarka, na ce kana karatu. Ka tsaya ka gama shekararka, ba sauran abin gaggawa.

Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta, ya ba mu haƙuri ni da kai. In ka tashi dawowa Gummi za ka sauka, ka tambayi shagon tela a bayan kasuwa. Babu kowa a tunga yanzu.

'Yar goggonka,
Salamatu